Haƙorin Ladan Nababa

A Tudun Ƙirya, wani ɗan ƙauye da ke bakin daji a yankin Randagi, kiran sallar La'asar aiki biyu yake yi. Yana kiran Musulmi zuwa masallaci kamar ko'ina, yana kuma gaya wa duk wanda ke gona, Musulmi ne ko Kirista, cewa gari lafiya, a dawo gida. In La'asar ta yi ba a ji muryar ladan ba, ko aka ji wata murya da ba a sani ba, babu mai tsayawa tambayar wani. Fartanya za ka yar, ka ja 'ya'yanka ku nutsa cikin daji.

Ba zama aka yi aka tsara haka ba. Shekara shida da suka wuce, cikin damina, 'yan bindiga suka shigo garin da rana tsaka, lokacin da duk masu jini a jika suna gona. Suka tarar da tsohon ladan, Malam Bakoji, yana alwala. Suka ɗora masa bindiga, suka ce ya kira salla don mutane su dawo su faɗo hannunsu. Tsohon ya dubi lasifikar, ya zauna a bakin ƙofar masallaci, ya ja bakinsa ya yi shiru. Suka lallashe shi, suka dake shi, ko tari bai yi ba. Mutanen gona da suka ga rana ta karkata ba a kira salla ba, jikinsu ya ba su, suka ɓuya. Dab da faɗuwar rana aka harbe shi a nan inda yake zaune. Washegari, wadda ta fara shigowa garin ita ce Tasalla, wata dattijuwa Kirista daga unguwar ƙetaren rafi, ita ce ta cire mayafinta ta lulluɓe gawar.

Ɗansa Nababa ya gaji ladancin, har da irin yadda tsohon yake jan murya. Shekara shida bai taɓa bari La'asar ta same shi a wajen gari ba. Ko biki ne ko jana'iza, da azahar ta wuce za ka ga ya fara duban rana yana neman takalminsa. Kafin ya kira, sai ya hau katangar masallaci ya duba gabas da yamma, kudu da arewa. Akwai kuma wata tambaya da take cinsa a rai, wadda ko matarsa bai taɓa gaya wa ba: in da shi aka ɗora wa bindigar nan, zai iya yin shiru? Bai san amsar ba, kuma rashin sanin yana ba shi kunya.

To, mutumin da dukan gari ya rataya a bakinsa, sai ga shi haƙori ya kama shi. Haƙorin can ƙurya ne, na ƙarshe a muƙamuƙin ƙasa, irin wanda ba ya fitowa sai mutum ya girma. Na Nababa bai ga damar fitowa ba sai da ya haura talatin, kuma da ya tashi fitowar sai ya ƙi miƙewa, ya kwanta a cikin dasashi yana tokarin na gabansa. Da farko tsami ne kawai in ya tauna gyaɗa. Ya cusa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, ya yi shiru da bakinsa, don shi mutum ne da bai iya cewa wash ba. Wanzamin garin ya leƙa da tocila, ya girgiza kai.

"Ladan, wannan ba nawa ba ne. Babu inda zan kama. Yana can kwance a ƙarƙashin nama, sai dai asibiti."

Kumatu ya kumbura. Baki ya fara ƙin buɗewa, har ta kai yatsa ɗaya ke shiga tsakanin haƙoransa da ƙyar. Tuwo ya gagara, ya koma kan koko. Duk da haka bai fasa kiran salla ba, ta tsakanin haƙora yake matso shi, lasifika ta ƙarasa masa sauran aikin.

Matarsa Ma'u ba ta barin magana ta kwana a cikinta. Wata rana da hantsi ta ajiye masa kwanon koko, ta tsaya a kansa.

"Malam, dubi fuskarka fa. Kamar ka ɓoye goruba a kumatu."

Ya yi mata alama da hannu wai da sauƙi.

"Babu wani sauƙi. Jira kake ranar da bakin zai rufe gaba ɗaya? Ranar nan La'asar za ta yi, ka tsaya gaban lasifika ba sauti, gari duka ya watse daji saboda haƙori ɗaya. Me za ka ce wa mutane?"

Wannan maganar ce ta kai shi wurin malamin asibiti a Randagi. Ya ba shi ƙwayoyi na mako guda don kumburin ya sauka, ya rubuta masa takarda zuwa Birnin Gwari, inda wata likitar haƙori take zuwa daga Kaduna duk ranar Laraba. Ya ce masa ba cirewa kawai za a yi ba, aiki ne, sai an yanka.

Saura wanda zai tsaya masa. Akwai Abdulsamad, wani magidanci da rikici ya taso daga Damari bara, wanda can garinsu shi ne ladan. Mutum ne kamili, muryarsa kuma zaƙi gare ta. Nababa ya daɗe da sanin haka, bai dai taɓa miƙa masa lasifikar ba, don gani yake kamar zai ba da rigar mahaifinsa aro. Yanzu kam ba yadda zai yi.

A ƙasar nan ba a shelar tafiya. Ba ka san kunnen da zai ɗauka ya kai daji ba, a tare ka a hanya. Saboda haka ranar Larabar, bayan an idar da sallar asuba, Liman Habibullahi ya sassauta murya ya ce wa sahu, "Yau Nababa zai je asibiti. Abdulsamad ne zai kira salla. Kowa ya gaya wa iyalinsa, kada a ji baƙuwar murya a firgita. Kada kuma maganar ta fita waje." Kowa ya gyaɗa kai, aka watse ana ganin an yi dabara.

Munzali ɗan acaɓa ne ya ɗauke shi. Suka bi ta cikin gonakin masara da caɓi, wani wurin su sauka su tura babur, sai wajen ƙarfe goma suka shiga Birnin Gwari.

Likitar, sunanta Bushira, 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki hoton muƙamuƙinsa, ta ɗaga shi wajen taga ta nuna masa.

"Ka gan shi nan, Malam. Sauran a tsaye suke, shi a kwance. Rabinsa yana cikin ƙashi. Zan yi maka allura wurin ya mutu, in tsaga dasashin, in rage ƙashin da ya danne shi, in raba haƙorin in fitar da shi gutsure-gutsure. Za ka ji ana dannawa, za ka ji ƙara, amma ba za ka ji zafi ba. In ka ji, ɗaga hannu."

Aka kwantar da shi a wata kujera mai lanƙwasa, aka haska masa fitila a fuska. Allurar ta shiga, a hankali leɓensa na ƙasa ya yi nauyi har ya zama kamar ba nasa ba. Aka tayar da janareta a waje. Wani ɗan inji ya fara kuka a cikin bakinsa, ƙarar tana ratsa ƙashin kansa har ƙeya, ruwa mai sanyi yana taruwa a maƙogwaronsa, wata ma'aikaciya tana zuƙewa da roba. Ya ji ƙauri kamar an ƙona ƙaho. Bai ɗaga hannu ba. Yana kwance baki a wangame, wata baƙuwa tana aiki a cikinsa, ba shi da ikon furta ko bisimilla, sai ya tuna mahaifinsa, wanda shi da bakinsa lafiya lau ya zaɓi ya rufe shi. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

"Zafi ne?" in ji likita.

Ya girgiza yatsa.

Ya ji wani ƙas a can ciki, sannan wani. Aka jefa gutsure uku cikin ƙaramin faranti, ɗaya da saiwa a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ta yi ɗinki uku, ta naɗe auduga ta cusa masa.

"Cije. Yau kada ka tofa yawu, kada ka kurkure baki, ko a alwala ka shafa ruwan a leɓe kawai. Jinin da zai daskare a ramin nan shi ne maganinka, in ya fita ka shiga uku. Abinci mai ruwa-ruwa, mara zafi. Mene ne sana'arka?"

Munzali, da ke tsaye bakin ƙofa, ya amsa masa. "Ladan ne, likita."

Ta sauke tabarau ta dube shi. "To, ladanci ya tafi hutu. Kwana bakwai ba buɗe baki da yawa, ba ɗaga murya. In ka tsinke mini ɗinkin nan a ƙauyenku, ba ni kusa."

A hanyar dawowa suka tarar wani rafi ya kawo ruwa, suka zauna jiran ya janye. A nan La'asar ta same su. Nababa ya yi alwala yana shafa ruwa a leɓe kamar yadda aka ce, ya bi Munzali salla a kan ciyawa. Rabonsa da ya yi La'asar ba tare da ya kira ta da bakinsa ba, shekara shida ke nan. Allurar ta fara sakinsa, muƙamuƙin yana bugawa kamar ana daka a ciki, amma ba shi ne ya hana shi sukuni ba. Idonsa yana can wajen garinsu.

Rana ta yi ja sosai lokacin da suka shiga Tudun Ƙirya. Tun daga nesa ya hango taro a ƙofar masallaci, maza da mata a tsaitsaye, ba mai zaune. Ya sauka daga babur ya nufi Liman, yana tambaya da ido.

"Sannu da dawowa, Ladan," in ji Liman Habibullahi, bai iya haɗa ido da shi ba. "Gari lafiya. Kowa ya dawo daga gona, sai mutanen ƙetaren rafi. Yau gayya suke yi a fadamar Gideon, gaba ɗayansu suka tafi tun kafin asuba, har yara, har Tasalla da ta bi su don ta dafa musu abinci. Ba wanda ya dawo."

Gideon ɗan Tasalla ne, sa'an Nababa, tare suka yi kamun kifi a rafin nan suna yara.

Wani da aka aika fadamar ya karɓe. "Na je da kaina. Fartanyoyi a zube, tukunya a kan murhu, wuta ba ta ma mutu ba. Sawunsu ya nufi dutse. Na yi kira har muryata ta dushe, ba wanda ya amsa."

Ba sai an yi wa kowa bayani ba: baƙuwar murya suka ji da La'asar, suka gudu. Bayan dutsen nan akwai hanyar da 'yan bindiga ke bi da shanun sata, ga kuma hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Babu sabis ɗin waya a yankin balle a kira.

"Amma ai an sanar," wani dattijo ya ce, kamar mai kare kansa. "Da kunnena na ji."

Ma'u ce ta amsa daga cikin mata. "A ina aka sanar, Baba? A masallaci. Su Gideon masallaci suke zuwa?"

Magidanta arba'in suka ji sanarwar da asuba, kowa ya kai wa gidansa, kowa ya riƙe amanar kada magana ta fita waje, ba ko ɗaya da ya tuna cewa akwai gidaje goma sha ɗaya a ƙetaren rafi da suke rayuwa da kiran nan ba tare da sun taɓa tsayawa a sahu ba. Shi kansa Nababa bai tuna ba, ga shi ta ƙofar gidan Gideon ma suka wuce da safe. Abin ya yi masa ciwo fiye da ramin da ke bakinsa. Abdulsamad yana gefe ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin, alhali bawan Allah kiran salla kawai ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

"Na shiga lasifika na yi musu magana," in ji Liman. "Na ce ni ne, su fito, lafiya lau. Sau uku."

Munzali ya girgiza kai. "Allah gafarta Malam, ai ko ni ne a daji ba zan fito ba. Wanda aka ɗora wa bindiga ma abin da zai faɗa ke nan."

Nababa ya dubi yamma. Saura kaɗan magariba ta yi. Ya dubi ƙofar masallacin, ya dubi dokin ƙofar da mahaifinsa ya zauna a kai.

Munzali ya gane. "Ladan, likita ta ce kwana bakwai fa. Ɗinki uku ne a bakinka. Ta ce in ya tsinke..."

Ma'u ta matso. Ita ce ta hana shi sakat sai da ya je aka yi aikin nan, kowa ya zaci za ta tare shi. Ta daɗe tana duban kumatunsa da ya sake hawa, da busasshen jinin da ke gefen leɓensa. Ta juya ta ɗauko buta, ta cika da ruwa, ta ajiye a gabansa.

Ya yi alwala. Ya hau katangar kamar yadda ya saba, ya duba ko'ina, ya sauko. Ya shiga ya tsaya gaban lasifika, ya sa yatsu biyu ya zaro audugar, ta fito jajur. Ya sa hannu a kunne.

Kabbarar farko ta fito a shaƙe, a karkace, kamar ta wani tsoho mara haƙora. Shi kansa ya ji ba za ta wuce rafi ba, in ma ta wuce ba wanda zai ce tasa ce. Ya ja numfashi, ya buɗe bakin har inda Allah ya halitta masa. Ya ji zaren ya ja nama, ya ji ya tsinke, wani zafi ya tsaga masa kai har cikin ido. Ya saki muryar, ya ja ta dogon ja irin na Malam Bakoji, wanda yake hawa sama ya ɗan karye kafin ya sauko. Jini ya cika masa baki, ya haɗiye, ya ci gaba. Wanda bai haɗiyu ba ya bi haɓarsa ya sauka a riga. Bai rage kalma ɗaya ba, bai gaggauta ba, har ya kai ƙarshe.

Aka yi salla. Ko da aka sallame ba wanda ya tafi gida, aka fito aka jeru ana kallon hanyar rafi. Iska ta fara kaɗa ganyen masara, aka fara yayyafi. Nababa ya zauna a dokin ƙofa, ya toshe baki da tafin hannu, jinin yana bi ta tsakanin yatsunsa. In ba su fito ba, babu sauran abin da zai iya yi musu, kuma ya san har ya mutu ba zai yafe wa kansa ba.

Duhu ya fara rufe itatuwa lokacin da wata mata ta ce, "Ga su can!"

Ɗaya bayan ɗaya suka hauro daga rafi, jiƙe, ƙafafu duk ƙaya da laka. Gideon ne a gaba, yarinya a wuyansa, hannunsa ɗaya riƙe da uwarsa. Liman yana ƙirga su a hankali yana motsa leɓe, da ya kai na ƙarshe ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan ya tari Gideon ya gaya masa abin da ya faru, bai ɓoye ba, ya ce laifinsu ne, su yafe.

Gideon ya saurara har ƙarshe. Ya sauke 'yarsa, ya zo ya tsaya gaban Nababa.

"Mun kai gindin dutse, muna shirin haurawa, muka ji ka," ya ce. "Ni na ce kada a koma. Na ce muryar ta karkace, ba taka ba ce, in ma taka ce to tilasta ka aka yi. Mama ce ta zauna a ƙasa ta ce ba inda za ta ƙara."

Tasalla ta saki hannun ɗanta ta matso, tana dogara sanda. "Na ce musu ɗan Bakoji ne. Wani abu ya same shi a baki, amma shi ne. Kuma in da bindiga a kansa, da ba mu ji komai ba. Na san gidan da ya fito."

Nababa ya ɗago ya dube ta. Tambayar da ya kwashe shekara shida yana ɓoyewa, ga wata ta amsa ta a gindin dutse, ta kuma ɗora ran jikokinta a kan amsar. Ya so ya ce mata shi bai tabbata ba, ya so ya ce ta yafe masa mantuwar safe. Da ya buɗe baki, jini ne ya zubo.

Sai a lokacin ta ga rigarsa sosai, ta ga inda yake zaune, ta ga ɗigon da ya ɓata dokin ƙofar. Ta daɗe a tsaye tana kallon wurin. Sannan ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta, furfurarta ta bayyana a cikin yayyafi. Ta nemi gefen da bai jiƙe ba, ta ninke shi, ta ninke kuma, ta durƙusa da ƙyar a gabansa.

"Wancan karon na makara," ta ce. "Buɗe, ɗana."

Ya buɗe. Ta cusa masa ƙyallen can ƙurya da yatsanta, ta tallafe haɓarsa ta rufe masa bakin da tafin hannunta.

"Cije. Kada ka yi magana, mun ji ka."

Ya cije, hawaye yana zuba a kan hannunta, ita kuma ba ta janye ba har sai da jinin ya tsaya.